Gide Mai Kalangu da Majigin Daudawa

Gide yana tsugune a bakin ɗakinsa yana shafa wa igiyoyin kalangu man gyaɗa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jan carbi. Haka yake yi kullum da hantsi. In ya gama sai ya jingina kalangun inda rana za ta taɓa fatar ta ɗame, ya zauna kusa da shi su sha ɗumi tare. Amma ran nan, a kakar 1955, hannunsa ya yi nauyi. Igiya guda ya yi ta shafawa har man ya fara ɗiga.

Matarsa Barakatu ta ajiye masa ƙwaryar koko, ta tsaya tana kallonsa. Ta ce, "Malam, mi ya same ka? Jiya ka tahi majigi kamar ango, ka komo kamar wanda ya kai gawa. Ko hoton ya zage ka?"

Gide ya ce, "Da ya zage ni ai da sauƙi. Da na san ya gan ni."

Gide haifaffen Damari ne, ta wajen Sabuwa, inda daji ke da duhu, hanya kuma ba ta da kirki. Ubansa makaɗin mahauta ne, ranar kasuwa yake tsayawa a rumfar nama yana shaida wa gari an yi yanka. Kalangun nan shi kaɗai ya bar wa Gide. Da shi Gide ya fito yana saurayi, ya haɗu da Nata'ala mawaƙi a wani biki a Ƙanƙara, tun Nata'ala ba shi da riga biyu. Shekara ashirin da shida ke nan Gide yana tsaye a bayansa. Sun kwana a zaurukan mutane, sun ƙetare rafi da kayan kiɗa a ka, sun ci tuwon da ya kwana, daga baya suka zauna a Daudawa.

A wancan zamani, in waƙa ta yi daɗi ta kai tsakiya, mawaƙi yakan waiwaya ya kira mutanensa ɗaya bayan ɗaya, jama'a su san waɗanda ke riƙe da shi. Nata'ala yakan ce, "Gide na Barakatu, ɗan Damari, matsa mani shi!" Sai Gide ya matse kalangu a hammata, ya sa shi magana, mata su rangaɗa guɗa. Ba wani abu ba ne, numfashi ɗaya ne cikin waƙa mai tsawo. Amma da wannan numfashi aka san Gide daga Faskari har Sabuwa. Tun da aka naɗa Nata'ala Sarkin Waƙa, sunayen masu gari da 'yan kasuwar auduga suka cika bakinsa, na Gide ya faɗo. Damina huɗu ke nan. Gide bai taɓa tambaya ba.

Jiya da yamma motar majigi ta zo filin kasuwa. Tun da rana aka yi ta shela cewa bayan hoton noman auduga za a nuna makaɗan baƙar fata na ƙetaren teku. Gide ya sa wankakkiyar rigarsa, ya zauna gaba-gaba tun kafin magariba. Da aka haska farin ƙyalle, sai ga wani dogon mutum da lanƙwasasshiyar algaita ta ƙarfe. Mai bayani yana fassarawa ta lasifika, ya ce wannan gwani ne, duk ƙasarsu ba kamarsa.

Busa kam ya iya. Amma Gide ba shi yake kallo ba. A gefen ƙyallen, can baya, akwai hannuwa biyu na wani mai ganguna, fuskarsa ba ta fito ba. Hannuwa ne na tsoho, masu jijiya, kuma su ke ɗauke da kiɗan duka. In mai busa ya yi gaggawa su tare shi, in ya ɓace su nemo shi su mayar da shi hanya. Gide ya san wannan aiki kamar yadda ya san ƙofar gidansa. Ya yi ta jiran lokacin da dogon zai waiwaya.

Bai waiwaya ba. A cikin hoton ya yi faɗa da matarsa, ya busa. Ya kori abokinsa, ya busa. Sau ɗaya mai gangunan ya samu fili, hannuwansa suka tashi sama, sai dogon ya tako ya tsaya gabansa ya rufe shi da ƙeya. Hoto ya ƙare da fuskar dogon ita kaɗai, gumi na zuba, ana ta tafi. Gide ya bi mai bayani har gindin mota ya tambaye shi sunan tsohon nan. Mai bayani ya yi dariya ya ce, "Baba, wane tsoho?"

Gide bai gama shan kokon ba aka aiko Nata'ala yana kira. Gide ya rataya kalangu ya tafi. A zauren ya tarar da Sha'ibu da Zailani, 'yan amshi, suna zaune kan tabarma. Nata'ala yana kan buzu, fuskarsa sai ƙyalli take.

Nata'ala ya ce, "Gide, ka ga mutumin jiya? Wannan shi a namiji! Ko gezau bai yi."

Gide ya ce, "Na gan shi, Maigida. Shi kaɗai aka bari a gani."

Sha'ibu ya ƙyalƙyale da dariya. "Baba Gide ya yi aboki cikin ƙyalle, aboki marar kai!"

Nata'ala ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce masu majigi sun ji labarinsa, ranar kasuwar Faskari za su ɗauki hotonsa yana waƙar auduga, a nuna ko'ina. Ya riga ya tsara. Shi zai tsaya gaba da babbar riga. Za a kafa zana a bayansa, masu kiɗa da amshi su zauna ciki, kada su cika hoton da tsummokara.

Gide ya gyara ratayar kalangunsa. Sannan ya ce, "Zana ba komi, Maigida, na saba da baya. Amma in waƙa ta kai tsakiya, za ka kira mu?"

"In kira ku ina? Mutanen sun ce abin ba shi da tsawo. Ga Sarkin Noma, ga hakimi, ga malamin gona. Ina hili?"

"Numfashi ɗaya hwa."

Nata'ala ya yi murmushi irin na lallashin yaro. "Haba tsoho. Kiɗi suka so, ba sunaye ba. Wa ya tambayi sunan mai ganga jiya?"

Gide ya ce, "Ni."

Babu wanda ya yi dariya. Gide bai yi fushi ba, gajiya ce kawai ta sauko masa, irin ta mai doguwar tafiya da ya isa ya tarar garin ya tashi. Ya jawo kalangun bisa cinyarsa, ya sassauta igiyoyin har fatar ta saki, kamar yadda yake yi in biki ya watse. Ya dafa bango ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

Nata'ala ya ce, "Ina zuwa? Ba mu gama ba."

"Ranar kasuwar nan mahauta za su yi yanka. Su in sun ji ni daga nesa, cewa suka yi ga Gide nan."

Ya rataya kalangun ubansa, ya sa takalmansa a bakin ƙofa, ya yi musu sallama, ya fita.