Lambobin Gefen Dama

Akwai wata safiya a wani asibiti a Shumaisi, can ƙasar Larabawa, da ba za ta fita daga raina ba har a saka ni a ƙasa. Ni ba mai yawan magana ba ne. Na baro Maraɗi ta hamada, na binne abokan tafiya da hannuna, na ci gaba da tafiya. Amma wannan safiyar ta tsaya mini a wuya.

A lokacin ina tuƙa wani dattijon Bature ɗan Ostireliya, injiniya a kamfanin gine-ginen da kafil ɗina, wato Balaraben da ya tsaya mini, ya kai ni. Ba ya jin Hausa, ba na jin Turanci. Larabcin kasuwa muke yi, nasa ya fi nawa lalacewa. Ina ce masa Mudir, wato manaja, yana ce mini Sadik, wato aboki. Ya taɓa gaya mini cewa yana saurayi an kai shi yaƙi Biyetnam, ya nuna mini tabo a ƙwauri. Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a wurin aiki. Gefen dama ya mutu, baki ya karkace. Kamfani ya fara shirin mayar da shi gida. Shi kuma abu ɗaya ya dame shi. Mutanen ƙasarsu suna da rana guda a shekara da suke tsayawa da sassafe don tuna sojojinsu da suka mutu. Tun da ya bar soja bai taɓa fashinta ba, ga shi za ta same shi a kwance. Ya ce in ɗauko masa baƙar kwat ɗinsa da wani ƙaramin akwati.

Da ranar ta zo, ina idar da sallar asuba na kai masa. Na sa masa kwat da ƙyar. Cikin akwatin akwai lambobin yabo jeri biyu, ɗaya ya tsufa, ɗaya sabo. Na maƙala su duka a hagu, yadda na ga sojojinmu suna yi.

“La! La!” Wato a'a. Ya shiga dukan gado, miyau na zuba.

Nas 'yar Filifin ta shigo da gudu, ta ce in fita. Ya damƙe wuyan hannuna da hannunsa mai rai. Ya taɓa tsofaffin lambobin. “Yasar, ana.” Hagu nasa ne. Ya nuna sabbin, ya nuna ƙirjinsa na dama. “Yamin, waladi.” Dama na ɗansa ne.

Ashe a al'adarsu mutum yana sa nasa a hagu, na ɗan'uwansa da ya mutu a dama. Ɗansa tilo ya bi sawunsa ya shiga soja, aka kai shi Afganistan, aka dawo da shi cikin akwati. Shekaru ina tuƙa mutumin nan ban san ya haihu ba.

Na cire su na mayar dama. Sai ya ce zai tashi.

“Mamnu',” in ji nas, wato an hana.

“Sista,” na ce, “mutumin nan zai tsaya. Ko ki kama, ko ki matsa.”

Ta kama. Na shiga ƙarƙashin kafaɗarsa ta dama na ɗaga shi. Ƙafar tana ja, lambobin yaron suna goga mini kunci, sanyi ƙalau. Ya tsaya yana kallon taga, rana na fitowa ta bayan gine-gine. Bai nemi zama ba sai da ya gama shirun da suke yi don tuna mamatansu.

“Khalas, Sadik,” ya ce, wato shi ke nan. “Shukran.”

A makon aka sa shi a jirgi. Bai kai wata shekarar ba, a kamfani na ji.

A gida ba ma wuce mutum ba mu tambayi iyalinsa ba. Shi don Bature ne, na ɗauka ba ya bukata. Yanzu duk wanda zama ya haɗa mu, ko daga ina ya fito, sai na ce masa, “Ina yara?” In ya yi shiru, sai in zauna in jira.