Ƙafafun Yayana a Hoton Gero

Shekarar da ruwa ya ɗauke bayan shuka ta kai gwiwa, ina aiki a wani ɗan ofis a Isa. Darussan noma muke haɗawa a kwamfuta, hoto da murya, a tura wa manoma su kalla a waya. Aka ba ni darasin gero, ana son hoton manomi tsaye cikin gonarsa. To, daga Isa har Sabon Birni babu gonar da za a ɗauka. Geron ya murɗe, ya yi ja, ya kwanta. Shugabar ofishinmu ta ce in ɗauki mutum shi kaɗai, in yanke hotonsa, in ɗora a kan wani tsohon hoton gona mai kore shar.

Na hau babur zuwa Tozai wurin yayana, wanda ke riƙe da gonar mahaifinmu. Na same shi zaune a zaure. Da ya ji abin da ya kawo ni, ya yi dariya.

"Wace gona za ni tsayawa ciki? Ba ka gane ta bisa hanya ba?"

"Gaban bango za ka tsaya, Yaya. Gonar ni za ni sa maka."

Ya sa doguwar rigarsa ta Juma'a, ya saɓa hauya, ya tsaya, na ɗauke shi hoto. Na tambaye shi batun hatsi, ya ce da saura a rumbu.

Washegari na yanke hoton na ɗora. Mutumin da aka ɗora ba inuwa sai ya zama kamar yana reto a sama, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Don haka akan kwafi siffarsa, a baƙanta ta, a kwantar da ita a gefen da ba rana, a rage mata duhu, a dusashe bakinta. Wurin da ya fi wuya shi ne inda tafin ƙafa ya haɗu da ƙasa, can inuwa ta fi duhu, dole sai an ƙara girman hoton sosai. Ina ƙarawa na ga ƙafafunsa. Sun kumbura suntum, fatar tana ƙyalli, igiyar silifas ta nutse cikin nama.

Na bar kwamfutar a kunne, na auno gero da wake a kasuwa, na koma Tozai. Matarsa ta tare ni a tsakar gida, ta dubi buhun, ta sa gefen zane ta rufe fuska.

"Rumbu ba komi ciki," ta ce. "Abin da an ka samu yara yaka bar ma, shi sai ganyen tafasa. Ya hana in hwaɗa maka, wai kai ma kana da iyali."

Na shiga wurinsa na ɗage masa riga, na danna ƙafar da yatsa. Wurin ya lotsa, bai dawo ba.

"Kumburin zama na," ya ce. "In ruwa ya dawo na shiga gona, sauka za shi yi."

Da kyar ya yarda na kai shi asibiti a Isa. Suka ce jininsa ya yi ƙasa, ƙoda kuma ta taɓu, sai Sakkwato. Muka shiga ƙaramar bas, kansa a kafaɗata, yana gaya mini wanda zan karɓo irin shukar baɗi a wurinsa. Ya cika kafin mu kai. Direba ya tsaya, fasinjoji suka sauko suka yi masa addu'a a bakin titi, muka nemi motar komawa.

Bayan sadakar bakwai na koma aiki. Shugaba ta ce a cire hoton idan zai yi mini nauyi. Na je na tambayi matarsa.

"Bar shi," ta ce. "Yara su riƙa ganin ubansu."

Na ƙarasa inuwar. Ƙafafun ban taɓa su ba, na jawo ganyen gero na ɗan rufe su.

Da matar yayana ta fita takaba, iyayenta suka tafi da ita Burkusuma tare da ƙananan yaran, babbar 'yar kuma ta dawo gidana. Damina ta gaba ma ruwan bai kai ba, kuma ba wanda ya shuka gonar.