Katin da Na Ɓoye wa Yaya

Shekarar da Yaya ta dawo wurina a Gazawa, ciwo ya riga ya ci ƙarfinta. Ita ce babbarmu, ita ta goye ni. Ta zo da tufafinta cikin buhu guda, da 'yar rediyo mai kati wadda aka cika mata da littattafan da ake karantawa da murya.

Kullum bayan azahar sai mu shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, ni da maƙwabciyata muna ɓarar gyaɗa, Yaya tana kwance da rediyon kusa da kunnenta. Labari ɗaya ta fi so. Annoba ce ta share duniya, saura mace ɗaya da akuyarta, tana bin gari gari tana sallama ƙofa ƙofa, ko za a amsa.

Mai karatun namiji ne, muryarsa a kwance, ba ya ɗaga ta ko a wurin mutuwa. Maƙwabciyata ba ta ƙaunarsa.

"Wannan ba shi da imani," in ji ta. "Gari ya ƙare, shi kamar mai sanarwar ɓatan tunkiya. Kuma ku ji! An ce ba kowa a duniya, ga wata can bayansa tana daka."

Gaskiya ne, ana jin taɓarya, har da carar zakara.

Yaya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ke dai ba ki iya saurare ba. Ni dakan nan nake jira. In na ji shi, na san da sauran mutane."

Ni ban yi dariya ba. Tun ina lakol, ina 'yar makaranta, haka nake, ƙaramin abu sai ya tsaya mini a rai. Na riƙa tambayar kaina: ya dace marar lafiya ta wuni tana jin gawawwaki? Ba kiran mutuwa muke yi ba? In Allah Ya tambaye ni me na sa a kunnenta a kwanakinta na ƙarshe, me zan ce? Saura kashi biyu labarin ya ƙare, na cire katin tana barcin rana, na ƙulle shi a tsumma, na tura ƙarƙashin tukunyar daddawa. Na sa mata na karatun Alƙur'ani.

Da ta farka na ce katin ya ɓace. Ta daɗe tana dubana.

"Auta, ko ƙaryar ba ki iya ba."

"Wallahi, Yaya..."

"Kada ki rantse. Ni so nake in ji ko an amsa mata, shi ke nan."

Na ce a raina, in ta ji sauƙi zan fito da shi. Sau biyu ta sake tambaya. Daga nan ba ta ƙara ba, ta koma sauraren karatun, tana bi da leɓɓanta. Wannan shirun ya fi mini ciwo. Kwana tara ta yi.

Bayan sadakar arba'in na ɗaga tukunyar. Katin na nan, yana warin daddawa. Na kira maƙwabciyata don ba zan iya ni kaɗai ba.

Muka sa katin a rediyon. Matar labarin ta kai wata rijiya, ta ga guga jiƙe. Ta yi sallama. A nan mai karatun ya tsaya. Mutumin da ya binne duniya duka muryarsa ba ta girgiza ba, muka ji yana jan hanci, dakan nan yana ta tafiya a bayansa. Da ƙyar ya karanta amsar.

"Ashe yana da imani," maƙwabciyata ta ce, tana share ido da bakin zane.

Ni kuwa na riga na juya wajen da Yaya take kwanciya, bakina a buɗe, zan ce mata an amsa.