Haƙorin da Sekove Ya Yi Ta Gudu

Shekara goma sha ɗaya Sekove ya yi a soja, duk a barikin Suva, babban birnin ƙasarmu, yana horar da kurata. Duk rukunin da za a tura Lebanon aikin kiyaye zaman lafiya sai a tsallake sunansa. Ni kuwa taubashinsa ne, masunci a tsibirin Kadavu, don haka ban taɓa raga masa ba.

"Sojan gida! Yau sauro nawa ka harbe?"

"Bakinka zai mutu, mai warin kifi," in ji shi.

Ranar da sunansa ya fito, da gudu ya diro daga jirgin ruwa da takarda a hannu, ya sunkuce ni kamar buhun gwaza.

"Karanta, makaho! Layi na bakwai!"

Na ce masa wane mai hankali ne ke murnar zuwa inda ake harbi? Ya ce, "Kai, a ce shekara goma sha ɗaya kana ɗinkin taru, ba ka taɓa jefa shi ruwa ba?"

Saura kwana tara su tashi aka kawo gawar Manasa daga Lebanon, ɗan ƙauyen gaba, wanda Sekove da kansa ya koya wa riƙe bindiga. Rediyo ya ɗauka: a dawo mana da 'ya'yanmu! Abin ya ba ni haushi. Shekara da shekaru yaran suna can ba mai cigiyarsu, sai da akwati ya sauka kowa ya zama masani.

Gwaggo Torika, uwar Sekove, akwatin marigayi mijinta ta buɗe, ta ɗauko tambuwa, haƙorin babban kifin teku mai igiya. A wurinmu in aka miƙa maka tambuwa da roƙo ka sa hannu ka karɓa, magana ta ƙare, dole ka cika roƙon. Kowa ya san abin da za ta roƙa: kada ya tafi.

Sai Sekove ya zama baƙo a gidansu. A gidana yake cin rogo, ta taga yake ɗauko kayansa, hannuwa kullum a aljihu.

"Jama'a ku zo ku ga soja!" na ce. "Bai ji tsoron harsashi ba, yana gudun haƙori!"

A zaman makokin Manasa Gwaggo ta ritsa shi. Ana zaune kan tabarmi ana zagaya ƙoƙon yangona, abin shanmu na gargajiya, ba mai tashi a gaban dattawa. Ta shigo da rarrafe, mahaifina a gabanta riƙe da tambuwa, domin shi ne yayanta, shi zai yi magana da bakinta. Gumi ya jiƙa rigar Sekove. Wallahi har ni na daina dariya.

Kafin mahaifina ya buɗe baki, Baba Ilaitia, uban mamacin, ya ɗaga hannu.

"Torika, ba ni da bakin da zan ce ki bar naki ya tafi. Amma ki ji. Masu rediyo suna cewa an tura ɗana ya mutu a banza. Ba wanda ya tura shi. Da rawa ya fita gidan nan, kamar yadda naki ke yi. Da na hana shi, da yana nan, amma da har in mutu bai ƙara kallon idona ba."

Sai Gwaggo ta karɓe tambuwar daga hannun mahaifina.

"Sekove, fito da hannunka daga aljihu, ba ka da kunya? Ga roƙona. Ka tafi da haƙorin nan, ka dawo mini da shi da hannunka. Kada wani ya kawo mini."

Ya karɓa, dattawa suka tafa, ni kuma na yi kuka ban ɓoye ba.

Bayan shekara ya diro daga jirgin nan da gudu, yana kaɗa haƙorin sama, ƙauye duk ya ɗauki guɗa. Ya durƙusa ya miƙa mata. Ta shafa kansa, ta shafa kafaɗunsa, ta ture hannun.

"Riƙe abinka," ta ce. "Na san ka. Ka riga ka sa sunanka a rukuni na gaba."