Ranar da Baba da Surukina Suka Yi Gardama a Kan Ɗan Fari

Abubuwa da yawa sun faru da ni a rayuwa waɗanda sai an tuna mini nake tunawa. Amma akwai wata Lahadi a gidanmu na haya da ke Fadaman Mada wadda ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai iya raba ni da ita.

Ni 'yar dattijon ikilisiya ce. Babana ya yi aikin gwamnati a nan Bauchi, da ya yi ritaya ya koma Inkil yana noma, amma inda aka fi saninsa shi ne majami'a. Mutum ne da in ka kawo masa magana a kan addini, abu na farko da zai tambaye ka shi ne, a ina aka rubuta? Maigidana kuwa ɗan Katolika ne, ba ɗan ikilisiyarmu ba, mahaifinsa katikis ne a ƙauyensu, wato shi ke koya wa mutane addini yana kuma jagorantar addu'a in limaminsu, wato fada, bai zo ba. Tun da aka yi aurenmu dattawan nan biyu ba su taɓa yin faɗa ba, amma ba su taɓa yin hira ba. Gaisuwa ce kawai, ina gajiya, ina iyali, kowa ya kama gabansa.

Mun ɗan jima kafin Allah ya ba ni ciki, haihuwar kuma ta zo da wuya. Yaron ya fito lafiya, ni ce jini ya tsinke mini, har aka shiga da ni tiyata ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo, likita ta zauna a bakin gadona ta gaya mana, ni da maigidana, cewa sai da suka cire mahaifar kafin suka ceci raina. Ba zan ƙara haihuwa ba. Na roƙi maigidana kada ya gaya wa kowa tukuna. Ba na son idon tausayi, kuma ina tsoron yadda danginsa za su ɗauki maganar, don surukina mutum ne mai son ya ga tsakar gida cike da jikoki.

Mahaifiyata ta riga ta rasu, saboda haka Hajiya mai gidan da muke haya ita ta tsaya mini a jego. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke dama mini kunun kanwa, ba ta taɓa tambayata abin da ban faɗa ba. Masu zuwa barka ne suka fi wahalar da ni ba tare da sun sani ba. Kowa ya ɗauki yaron sai ya ce, "Allah ya raya, Allah ya kawo ƙannensa." Ina amsawa da amin, in sun fita in juya fuskata bango.

A wannan Lahadin, surukina ya iso daga ƙauye da kaji da ƙullin gyaɗa. Ko ruwa bai gama sha ba sai ga Baba da kekensa, ya taso daga sujada ya biyo ya ga jikansa. Babu wanda ya shirya haɗuwar. Maigidana ya kalle ni, na kalle shi. Aka kawo musu masa da miyar taushe, suka zauna a falo suka ci a kwano ɗaya, ni ina gefe a kan tabarma da yaron a cinyata.

Da aka wanke hannu, surukina ya ɗora hannu a kan jaririn ya yi masa addu'a. A ƙarshe ya ce, "Budurwa Maryamu ta yi maka roƙo a wurin Ɗanta."

Baba ya yi gyaran murya. Na san wannan gyaran muryar tun ina yarinya, gardama ce ke tafe.

"Katikis," in ji Baba, "ba don in ɓata maka addu'a ba. Cewa budurwa ce lokacin da ta haifi Yesu, wannan babu Kirista mai musu. Amma ku da kuke kiranta budurwa har yau, budurwa har yaushe?"

"Har abada, Dattijo," in ji surukina, yana murmushi kamar wanda ya daɗe yana jiran tambayar.

Shi ke nan aka buɗe fage. Baba ya jawo Littafi Mai Tsarki daga jakarsa, ya ce ai mutanen garin su Yesu da bakinsu sun lissafa 'yan'uwansa maza, har suka ambaci mata. Surukina ya ce, "Dattijo, kai da ɗan ƙanen babanka, in an tambaye ka wane ne shi, me kake cewa? Ba ɗan'uwana kake cewa ba? Su ma haka al'adarsu take." Baba ya ce an rubuta Yusufu bai kusance ta ba sai da ta haihu, kuma duk mai jin magana ya san abin da "sai da" ke nufi. Surukina ya ce to in tana da wasu 'ya'ya maza, don me Yesu yana kan gicciye zai damƙa ta a hannun almajirinsa, ya bar 'ya'yan cikinta? Baba ya ce don a lokacin ba su ba da gaskiya gare shi ba tukuna.

Gaskiya da farko abin ya ba ni sha'awa. Ban taɓa jin sun yi magana mai tsawo haka ba. Maigidana ma har ya ɗan saki jiki ya jingina da kujera. Sai muryoyi suka fara tashi, Baba ya buɗe inda aka ba da labarin haihuwar Yesu a Baitalami, ya buga yatsa a kan shafin.

"To wannan fa? An ce ɗanta na fari ta haifa. Ba a ce tilo ba, na fari aka ce."

Surukina ya ce a shari'ar Musa, ɗan fari shi ne wanda ya fara buɗe mahaifa, kuma na Ubangiji ne tun daga ranar. Shi ya sa aka kai Yesu Haikali yana jariri aka miƙa shi, ba a ce a jira a ga ko za a yi masa ƙane ba.

Baba ya girgiza kai. "Wannan zagaye-zagaye ne, Katikis. Ba a cewa na fari sai da na biyu. Wanda ba shi da ƙane ba ɗan fari ba ne, ko yaro ya san haka."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ni da ban taɓa sa baki a maganar manya ba, balle a gaban suruki, sai na ji muryata tana cewa, "Baba, to wannan da ke cinyata mene ne? Shi ma ba shi da na biyu. Ba kuma zai samu ba."

Kuka ya ƙwace mini, irin wanda na daɗe ina haɗiyewa. Maigidana ya sauko ya zauna kusa da ni, ya yi musu bayanin abin da ya faru a asibiti, a hankali, bai ɓoye komai ba. Kaina yana ƙasa, ina jiran in ji abin da surukina zai ce.

Ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ya ce, "'Yata, ashe abin da ya ramar da ke ke nan? Kin ɗauka jikoki na zo ƙirgawa? Da aka aiko mana cewa kina tiyata, ke na roƙi Allah ya bar mana. Ga shi ya bar ki, ya kuma ƙara mana da wannan. Ni ban ga abin da na rasa ba."

Baba ya rufe littafin ya ajiye gefe, ya miƙo hannu biyu, na ba shi yaron. Ya daɗe yana kallon fuskarsa. Tun rasuwar mahaifiyata ban ga hawaye a idon Baba ba sai ranar.

"Bakina ya riga hankalina," ya ce. "Ki yafe mini." Sannan ya ɗaga yaron ya ce masa, "Kai ɗan fari ne. Ko kai kaɗai ne har abada, ɗan fari ne kai, na Ubangiji." Ya juya ga surukina. "Katikis, a kan wannan kalmar gaskiyarka ce. Na janye ta daga cikin hujjojina."

Surukina ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ɗaga masa yatsa. "Amma kada ka koma ƙauye ka ce ka kayar da ni. 'Yan'uwan nan da aka lissafa suna nan daram, ban janye su ba."

Surukina ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Tunda ka yi adalci, bari ni ma in yi. Kalmar ba ta ce an haifi wani bayansa ba, ba ta kuma ce ba a haifa ba. Ba ta ba ka ba, ni ma ba ta ba ni ba. Sauran kuma za mu ci gaba."

A daidai nan Hajiya ta yi sallama ta shigo da kwanon kunu, don ta jiyo hayaniya ta katanga ta ɗauka wani abu ne ya sami yaron. Da maigidana ya gaya mata abin da ake gardama a kai, ta riƙe baki. Ta ce, "Ni dai ban san littafinku ba, Nana Maryam kuwa mu ma muna girmama ta. Amma mu a gidanmu, ranar da ɗan fari ya faɗo ake fara jin kunyarsa. Nawa yanzu har da furfura, ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ban jira an yi masa ƙane kafin in fara ba." Dattawan suka fashe da dariya tare, ni ma na yi, da hawaye a fuskata.

Surukina ya yi niyyar kwana a wurinmu, amma da yamma Baba ya ce sam, sai dai su tafi Inkil tare, don maganar ba ta ƙare ba. Na leƙa ta taga na gan su suna tafiya, Baba yana tura keke, surukina yana ta nuni da hannu. Daga ranar suka zama aminai. Duk Kirsimeti sai sun haɗu, duk haɗuwa kuma sai sun tayar da maganar Maryamu. Har Allah ya ɗauke su babu wanda ya sauya wa ɗan'uwansa ra'ayi. Da surukina ya kwanta ciwon ajali, Baba ne ya tare a ƙauyen yana jinyarsa, kuma an ce ko a bakin gadon ba su fasa ba.

Yaron nan yanzu magidanci ne, yana zaune a Gwallameji da iyalinsa. In ka tambaye ni ko Maryamu ta haifi wasu bayan Yesu, zan ce na ji hujjar kowane ɓangare daga bakin mutane biyu masu tsoron Allah, kuma ban ga wanda imaninsa ya ragu don ya saurari ɗayan ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, kalmar da kake jifa da ita don ka ci gardama, wataƙila akwai wanda ke zaune kusa da kai yana ɗauke da ita a jikinsa, don haka ka duba kafin ka jefa. In kuma ka gane ka yi kuskure a wuri ɗaya, ka ce ka yi. Baba ya ajiye hujja guda a falonmu, bai rasa imaninsa ba, ya tafi gida da aboki, ni kuma ya bar ni da zuciyar da ta daina jin kunyar ɗa ɗaya.