Zayyana a Kan Kwalin Maƙwabci

A shekarar 2010 muna zaune a tsibirin Staten, a wani layi mai hawa da gangara a bayan tashar jirgin ruwa ta St. George. Mu uku ne a gidan: ni, da uwargidana, da 'yarmu ta fari, wadda ke aikin nas a wani asibitin gwamnati a Brooklyn. Da rana ina gadin wani gini a Manhattan, da yamma kuma ina karantar da fiƙihu a ɗan masallacinmu. Kasancewarta 'yar fari, ban taɓa kiran sunanta ba, kuma ba ma doguwar hira. Mahaifiyarta ta daɗe da ajiye wannan kunya tun zuwanmu ƙasar nan, ni kuwa na riƙe ta. Idan ina da magana da yarinyar, uwar nake gaya wa, ita tana zaune tana ji.

Gidan da ke manne da namu na wani dattijo ne ɗan asalin Italiya, tsohon ɗan kwana-kwana da ya yi ritaya. Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka. Duk ranar da ƙanƙara ta sauka, kafin in dawo daga sallar asuba ya share ƙofarsa ya haɗa da tamu. Matarsa tana fama da ciwon suga, da wani gyambo a ƙafa da ya ƙi warkewa, kuma 'yata ce ke shiga sau biyu a mako ta wanke mata shi. Mu kuma duk babbar salla muna aika musu da cinyar rago. Na san a mazhabarmu akwai waɗanda suka karhanta ba wa wanda ba musulmi ba naman layya, akwai kuma waɗanda suka sauƙaƙa. Masu sauƙaƙawa na bi, domin maƙwabci, ko da addini bai haɗa ku ba, yana da haƙƙi ɗaya da ba ya faɗuwa.

A farkon shekarar nan ne ya kafa wata tuta rawaya mai hoton maciji a ƙofarsa. Ya kuma sayo wata hula mai kusurwa uku irin ta mutanen da, ya rataya mata ƙullin ganyen shayi. Ya shiga cikin masu ra'ayin mazan jiya da ke fita zanga-zangar ƙin haraji, tutar da hular kuwa alamominsu ne. Wata Lahadi a watan Afrilu ya ƙwanƙwasa ƙofata riƙe da farin kwali da gwangwanin fenti.

"Liman," ya ce, don haka yake kirana, "hannuna rawa yake yi. Na ga irin rubutun da kake yi wa ɗalibanka. Ka rubuta mini kalmomi uku."

Na tambaye shi me za a rubuta. Ya ce: haraji ya isa haka.

Ban ga aibu a cikin wannan magana ba. Ina yaro na ga yadda ake zaunar da magidanci a rana a ƙofar dagaci saboda haraji, na ga makiyaya suna tsallaka kogi da shanu don gudun jangali. Malamanmu na da sun yi rubutu mai zafi a kan shugaban da ke ɗora wa talakawa abin da shari'a ba ta ɗora musu ba. Da wannan idon na dubi kwalin. Sai na ja layi, na zauna na rubuta haruffan Turanci a tsanake. Da na gama na ga gefen ya yi fayau, hannuna kuwa bai saba barin rubutu tsirara ba. Na ɗauko ja da rawaya da kore, na zagaye shi da zayyana irin wadda nake yi a allon mai sauka. Maƙwabcin ya yi ta jujjuya kwalin yana cewa bai taɓa ganin irinsa ba. Ban gaya wa kowa a gida ba, domin ban ɗauke shi abin faɗa ba.

A makon nan kuma falona ya cika da abokan aikin 'yata, 'yan ƙungiyar ma'aikatan asibiti, suna shirin fita su ƙalubalanci waɗancan. Su ma kwalaye suke rubutawa. Ina daga ɗaki ina jin su. Wata 'yar Gana a cikinsu, mai Hausar zango, ita ce ta fi kowa baki.

"Yaaya, ku dubi mutanen nan," ta ce. "Titin da suka taru a kai, wa ya gina? Ɗan sandan da ke tsaronsu, uban wa ke biyansa?"

"Jirgin da suke hawa kyauta fa?" in ji 'yata. "Su yi iyo zuwa Manhattan mana, tunda ba sa son gwamnati."

Suka fashe da dariya. Daga nan aka koma kwaikwayon masu hula, ana kiransu jahilai, ana cewa ba haraji ne ya dame su ba, baƙin mutum ne da ya hau mulki ya tsone musu ido. Wata ta ba da labarin marar lafiyar da ya kwana biyu a kan gadon da ake turawa a baranda don an rage ma'aikata. A nan dariyar ta tsaya. Na fahimci cewa su ma ba wasa ya tara su ba. Na yi niyyar in ambaci kwalin da na rubuta, sai na ga ba wurin shigar dattijo ba ne, na bari.

Ranar zanga-zangar ina wurin aiki. Abin da ya faru daga bakin 'yata na ji shi. An tara ɓangarorin biyu kusa da tashar jirgi, 'yan sanda sun kafa shingen ƙarfe a tsakani. Tana cikin nasu suna ihu, sai ta hangi wani kwali a can gaba da zayyanar da ta girma tana gani a allunan gidanmu. Ba ta buƙaci a gaya mata hannun wa ne ba. Sannan mai riƙe da shi ya juya shi, ta ga an ƙara wani rubutu a baya da baƙin fenti, wai baƙin haure da masu zuwa daga waje su ne ke cinye guminmu, su koma inda suka fito. Ta dubi fuskar, ashe maƙwabcinmu ne. Shi ma ya gan ta. Sai ya ɗaga kwalin ya yi mata hannu da shi yana murmushi, kamar sun haɗu a kasuwa.

Da na dawo da la'asar na tarar da ita tsaye a falo, ko takalmi ba ta cire ba. A karo na farko a rayuwarta ta yi mini magana ido cikin ido.

"Baba, rubutunka ne?"

Na ce gaban nawa ne, bayan ban san da shi ba.

"Kwali ɗaya ne, Baba. Duk wanda ya gani, kwali ɗaya ya gani. Ƙawata ta tambaye ni, ba irin adon da ke ɗakin Baba ba ne wannan? Na rasa inda zan sa kaina." Ta juya ga mahaifiyarta. "Ni nake durƙusawa in wanke ƙafar matarsa. Fanshon da yake ci, daga harajin wa yake fitowa? Wallahi tallahi ba zan sake taka gidan mutumin nan ba."

Uwargidana ta ce, "Ke, a daina saurin rantsuwa." Amma ta riga ta fita daga baki.

Na daɗe ina nazarin abin. Na karantar da mutane shekaru cewa mai rubuta takarda yana da rabo a cikin abin da aka yi da ita, shi ya sa ake son ya san inda za ta. Ni kuwa na rubuta ban tambaya ba. Na auna zanga-zangar wata ƙasa da ma'aunin harajin ƙauyenmu, alhali ban san su wa ke cikinta ba, ban kuma san abin da suke faɗa idan sun taru ba. Har na ƙawata ta da adon da ake yi wa allon karatu. Wannan kuskurena ne, na yi istigfari a kansa.

Washegari na shiga wurin maƙwabcin na ce ina son kwalina. Ya yi mamaki. Na nuna masa bayan, na ce ni ma daga waje na zo.

"Haba Liman, ba ku nake nufi ba. Ku ai kuna aiki."

"To su wa kake nufi? Ka ambata mini mutum ɗaya da ka sani."

Ya sosa ƙeya, ya ce a rediyo ake faɗa kullum, kuma wani ne a wurin taron ya ba shi fentin. Bai ba da haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ya miƙo mini kwalin, na kawo gida na sa a bayan kabad. Muka ci gaba da gaisawa, gaisuwa gajera.

Wata bakwai 'yata ba ta shiga gidan ba. Hukuma ta riƙa turo wata nas sau ɗaya a mako, amma muna ganin motar asibiti tana zuwa fiye da da. Yarinyar takan tsaya a taga ta duba, sannan ta saki labule. A cikin watannin nan ta ƙara zafi. Aka yi cece-kuce a birni kan gina masallatai, ta fita zanga-zanga. Aka zo zaɓen Nuwamba, ta bi gida-gida da ƙawayenta suna roƙon ƙuri'a, sai ga shi ɓangaren masu hula ne ya yi nasara a tsibirinmu. Ta kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Ta fara cewa za ta koma unguwar Flatbush ta Brooklyn da zama, inda ba za ta buɗe ƙofa ta ga maciji ba.

Babbar salla ta zo jim kaɗan bayan zaɓen. Muka je gona a New Jersey muka yi yanka, muka dawo da azahar. Uwargidana ta ware cinyar kamar kullum, ta naɗe ta, ta ajiye a kan tebur. A al'adar gidanmu 'yata ce ke kaiwa. Ni zan iya ɗauka in kai, ba nisa. Amma na san idan na kai da kaina, an rufe maganar ke nan har abada.

Na dubi mahaifiyarta, na ce, "Ki gaya wa yarinyar nan, wanda ya rantse a kan wani abu, sannan ya ga waninsa ya fi alheri, shari'a ta ce ya aikata wanda ya fi alheri ya yi kaffara. Ba a mai da sunan Allah shingen hana kyautatawa. Ki kuma gaya mata, abin da ta faɗa a kan kwalin nan gaskiya ta faɗa. Ni na yi kuskure."

Uwar ta ce, "Ai ga ta nan, ta ji."

'Yata ta ce, "Shi fa? Ya ce ya yi kuskure?"

Na ce bai ce ba, kuma mai yiwuwa ba zai taɓa cewa ba. Na ce matarsa ba ta riƙe kwali ba.

Ta daɗe tana kallon naman. Sannan ta ɗauka, ta ce a bakin ƙofa za ta tsaya, ba za ta shiga ba. Na bi ta da kallo ta taga. Dattijon ya buɗe, ya karɓa da hannu biyu. Tana juyowa sai muryar matar ta fito daga ciki tana kiranta. Ta tsaya a kan matakala kamar mai lissafi. Ta dawo gida da sauri, ta ɗauki jakar aikinta ta koma.

Sai bayan la'asar ta fito. Ta wanke hannu a kicin tana gaya wa mahaifiyarta cewa gyambon ya ci gaba ƙwarai, dole gobe a kai ta asibiti, kuma ita za ta raka su. Ta ce tana wankin ƙafar suna musu da mijin tun farko har ƙarshe.

"Na ce masa, wannan bandejin, da maganin nan, da motar da ke zuwa ɗaukarta, duk harajin da kake zagi ne. Ya ce ai shi ya biya nasa shekara talatin yana shiga wuta. Na ce ni ma ina biya, kuma daga waje aka kawo ni. Sai matar ta ce mu duka biyu mu rufe mata baki."

Daga nan ta leƙo falo, ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba a da.

"Baba, kaffarar, ciyar da mutum goma ne ko?"

Na ce goma ne. Ta ce za ta dafa shinkafa ta kai wa masu kwana a tashar jirgi. Na ce a mazhabarmu sharaɗi ne su kasance musulmi, ko da yake wasu malamai ba su sa wannan sharaɗi ba. Ta ce to za ta yi ashirin, goma a masallaci, goma a tasha. Haka ta yi ranar Juma'a.

An ceci ƙafar, sai yatsu biyu da aka cire. Tutar ba ta sauka ba, 'yata kuma ba ta daina fita ba. A shekarar da ta biyo baya ma tana cikin waɗanda suka yi zaman dirshan a unguwar bankuna, shi kuma yana tsokanarta da cewa ta gaishe masa da 'yan gurguzu. Ba ta koma Flatbush ba sai da ta yi aure. Da ƙanƙarar farko ta sauka a hunturun nan, na dawo daga asuba na tarar an share ƙofarmu. Kwalin kuwa, na sa reza na yanke zayyanar na ajiye a cikin littattafaina, sauran na jefa a kwandon shara.