Cindon Gidanmu

A gidanmu na Agege, cindo gado ne. Kakata tana da shi, babana ma haka, ni kuma na zo da nawa a hannun hagu, ɗan yatsa na shida kamar tsiron wake.

Gwaggona ce ta mai da shi abin nazari. Tana binciken yadda ƙwayoyin gado ke tsara gaɓoɓin jariri tun yana ciki, tare da masana na ƙasashe da dama. Wata Asabar ta sauko daga motar haya ta danfo da 'yan kwalabe, tana neman yawun kowa. Muka tofa muna dariya, Kaka kuwa ta tsuke baki. Ga shi ita ce tushe, in babu nata aikin bai cika ba.

"Yawuna ya haye teku? Salon a yi mini asiri da Turanci?"

"Inna, ba mai sanin sunanki. Lamba za a sa."

"Au, har sunan ma za ku cinye!"

Sai Gwaggo ta nuna mata hoton hannun wata tsohuwa daga ƙasa mai nisa, wadda iyalinta suka shiga binciken. Kaka ta daɗe tana kallo, tana shafa nata cindon.

"Ashe muna da dangi a can. Miƙo kwalbar, amma abokan naki su gaishe ta."

Daga baya Gwaggo ta zo da albishir cewa likitoci suna amfani da sakamakon wajen kwantar wa iyaye hankali. Kaka ta katse ta: "An isar da gaisuwata?"